Itacen da Ba Ya Son Toka

Duk leburan da ya taɓa ɗaukar siminti a Tamanrasset, can tsakiyar hamada, in dai daga Nijar ya fito, ya san rumfar Inna Gwamma a unguwar Tahaggart. Ba wata rumfa ce ta a zo a gani ba. Langa-langa ne aka ɗora a kan sanduna, da benci biyu, da tukwane uku waɗanda wuta ta ci gindinsu har sun manta launin da aka sayo su da shi. Amma da rana ta take tsaka za ka ga samari suna ɓullowa ta kowace kusurwa, fari fat da ƙurar aiki, kowa da yunwarsa. Shinkafa da wake take yi, da tuwon masara miyar kuka, ran Juma'a kuma dambu.

Mace ce gajeriya, muryarta ta fi jikinta girma. Ba ta iya ganin mutum da rama ta ƙyale shi. Za ta zage ka tas a kan ka bar wuyanka ya yi tsawo, tana zagin tana ƙara maka ludayi. Wanda bai san ta ba sai ya ɗauka faɗa take, alhali kuwa iyakar yadda ta iya nuna ƙauna ke nan.

Mutuniyar Mirya ce, can ƙasar Damagaram. A lambun ubanta ta yi wayo, tsakanin albasa da yalo da rake, kuma abu biyu ta taso ta ga ana yi wa duk shukar da ake so da arziki: taki da toka. A gidansu ba a zubar da toka a bola. Ana barbaɗa ta a ganyen kuɓewa don ƙwari, ana zuba ta a gindin kabewa, in shuka ta yi laushi ma ita ce maganin farko. Bayan rasuwar mijinta, da damina ta yi ta ƙin ba da haɗin kai, sai ta bar ɗiyarta a ɗakin miji, ta hau motar arewa tare da babban ɗanta Rashidu, wanda a lokacin ya isa ɗaukar buhu. Shi ya shiga aikin gini, ita ta kafa murhu.

Rashidu ɗan fari ne, saboda haka bakinta bai taɓa furta sunansa ba. "Kai" take ce masa, in kuma ba ya nan ta ce "wancan". A layin abinci shi ne na ƙarshe, faɗa kuma shi ne na farko. Haka ta ga uwarta ta yi wa yayanta, haka ita ma ta yi, ba ta taɓa tsayawa ta tambayi dalili ba. Sai dai duk abokansa sun san cewa in ka tona ƙarƙashin tuwon Rashidu za ka tarar da nama, ko da kuwa ranar an ce nama ya ƙare.

Da ya zo ya ce mata zai wuce gaba, can garuruwan bakin teku inda aka ce aiki ya fi tsoka, shi da abokinsa Khamisu, tana tuƙa tuwo ne. Ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Ba ta ɗago ba.

Shekara ba ta cika ba labari ya zo. Sanyin can ya shiga ƙirjinsa, ya kwanta, bai tashi ba. Mutanen ƙauyen da suke wa gini suka yi masa sutura, suka kai shi maƙabartarsu a gefen dutse. Gwamma ta zauna karɓar gaisuwa ido a bushe, mata suna fita suna cewa kai, baiwar Allahn nan akwai tawakkali. Tawakkali kam akwai. Amma abin da ba su sani ba, duk sanda ta rufe ido ganinsa take kwance cikin taɓo da sanyi, a wani fili fetal, tsakanin mutanen da ba su san ko sunan garinsu ba. Wannan shi ya fi mutuwar kanta ci mata rai. Zuwa wurin kuwa babu hali, don ba ta da takardun da za su wuce da ita ko shingen jandarma na farko.

Ana tsakiyar sanyi Khamisu ya dawo. Ya jira har masu cin abinci suka watse, sannan ya durƙusa gefen murhu ya ajiye wani gwangwanin fenti a gabanta. A ciki akwai baƙar ƙasa, da wani ɗan itace da bai kai kamu biyu ba, ganyensa ƙanana tsili-tsili, kore shar.

"Inna, ban samu abin da zan kawo miki nasa ba," in ji shi. "Kayansa an bayar sadaka. Hoton wurin da na ɗauka kuma, wayar ta faɗa ruwa. Ranar da zan taho na je na yi masa sallama, sai na tono wannan. Ba a cikin maƙabarta ba, wallahi, a bayan katanga, daidai saitin kansa. Duk dutsen shi ne."

Ta dubi gwangwanin. "Mene ne sunansa?"

"Ban sani ba, Inna. Sun dai ce in sanyi ya fita fure yake yi, wurin ya canja gaba ɗaya. Mu ba mu kai lokacin ba."

"To ka sha wahalar banza," in ji ta. "Ka ɗauko ciyawa tun daga bakin teku, sai ka ce nan babu ƙasa. Ajiye shi can, kada ya tare mini hanya. Ka ci abinci?"

Ya ajiye shi inda ta nuna, yana murmushi, don ya san ta. Kafin la'asar gwangwanin ya bar bakin hanya ya koma kusa da kujerarta. A ranta kuwa ta riga ta ƙulla abu guda: ba za ta bar itacen nan ya mutu ba sai ta ga furensa. In ta ga furen, ta ga abin da ya rufe yaron.

Daga ranar ta shiga kiwonsa, kuma kowa ya san Gwamma ba ta iya yin abu rabi da rabi ba. Ta aika aka samo mata kashin awaki, ta daka, ta zuba. Ruwan famfo safe da yamma, har sai ya tsiyayo ta ƙasa. Kowace safiya in ta kwashe murhu, sai ta tankaɗe toka mai laushi, ta ɗebi tafi guda ta zagaye gindinsa da ita, ta barbaɗa saura a ganye. Samari suka sa masa suna autan Inna. Wani ya ce shi ma da ma a gwangwani aka haife shi, ta bi shi da muciya.

Da farko itacen bai ce komai ba. Sai ganyen saman suka fara haske, suka koma ɗorawa-ɗorawa. Ta ce yunwa ce, ta ƙara taki. Suka koma ja, suna zuba in an taɓa. Ta ce ƙwari ne, ta ƙara toka. Sanyi ya fita, lokacin da aka ce yana fure ya zo ya wuce, itacen kuwa rabinsa ya zama tsinke. Gwamma ta daina faɗa sosai, abin da ya fi komai tayar wa masu cin abincinta hankali.

Akwai wani dattijo da ke kawo mata albasa da tumatir, sunansa Ghali, mai lambu a Tahifet, ƙauyen da ke can cikin duwatsu. Ya yi ƙuruciyarsa yana fatauci zuwa Agadas, Hausa ta zauna a bakinsa daram. Ran nan ya sauke kaya, ya tsuguna gaban gwangwanin, ya sassauta rawaninsa, ya jima yana dubawa. Ya tsinki ganye ya ɗanɗana. Ya ce da farko ya zaci irin itacen nan ne da ke fitowa a bakin kwazazzabai, mai ganye kamar zare, amma wancan ganyensa gishiri-gishiri ne, wannan kuwa babu.

"Ban san shi ba, Gwamma. Ni kuwa ba na ba da magani ga wanda ban san sunansa ba. Ɗan arewa ne, sai ki tambayi ɗan arewa. Ga mai burodinki can."

Mai gidan burodin da ke tsallaken titi, wanda kowa ke kira Ammi Rabah, daga duwatsun bakin teku ya fito, ya tsufa a Tamanrasset. Shekara da shekaru Gwamma na sayen burodi wurinsa, amma maganarsu ba ta taɓa wuce gaisuwa da adadin burodi ba, don Larabcinta iyakarsa kasuwa. Ta yi ganwo, ta ɗora gwangwanin a ka, ta lulluɓe shi da mayafi saboda rana, ta tsallaka titi Ghali na biye da ita zai yi tafinta. Masu shaguna suka bi ta da kallo, ko a jikinta.

Da ta yaye mayafin, Ammi Rabah ya goge hannu a rigar aikinsa, ya sunkuyo. Ya kama reshen da ya rage da rai, ya kai shi wajen haske. Ya nuna wa Ghali yadda ganyen ke fitowa uku-uku ko huɗu-huɗu suna zagaye da reshe, kowanne siriri kamar allura amma ba ya suka. Ya shafa sabon tsiron ya nuna ɗan farin gashi da ke jikinsa. Sannan ya cusa yatsa cikin ƙasar, ya laluba, ya taɓo wani dunƙule mai tauri a gindi kamar ƙaramin rogo. Sai ya fashe da dariya har da tari.

"Khalanj!" in ji shi. Ya ƙara faɗa, wannan karon a hankali. Dariyar ta tafi, ya kai reshen hancinsa ya daɗe bai sauke ba.

Ghali ya riƙa juya mata maganar. Wai a garinsu wannan ba a shuka shi, shi ke shuka kansa, har sarewa ake don a samu hanya. Wai uwarsa da rassansa take ɗaure tsintsiya, maƙera kuma da gindinsa suke gawayi. Ba ya zubar da ganye rani da damina. In wuta ta cinye daji, shi ne na farkon tsirowa daga wannan dunƙulen. Gwamma ta gwada sunan, harshenta ya mayar da shi halanji, a haka kuma ya zauna.

Ana cikin haka Ammi Rabah ya dubi yatsansa, ya ga ya fito fari. Ya shinshina. Ya dubi gefen gwangwanin, ya ga toka ta yi ɓawo.

"Yana tambaya wa ya zuba wannan," in ji Ghali.

"Ni mana," in ji Gwamma, har da ɗan ɗaga kai. "Kullum. Tankaɗaɗɗiya ma."

Tsohon ya ɗora hannu biyu a ka. Ya yi magana mai tsawo, yana nuna toka, yana nuna taki, yana nuna famfon da ke jikin bango. Ghali ya yi ta laluben kalma, don shi ma abin baƙo ne a wurinsa. A ƙarshe ya ce, "Wai itacen nan a ƙasar talauci yake rayuwa, ƙasar ruɓaɓɓen ganye, ruwan sama kawai yake sha. Wai ƙasarsu tana da tsami, shi kuma tsamin yake so. Ban gane yadda ƙasa take tsami ba, amma haka ya ce."

Ghali bai gane ba, amma ita ta gane tun kafin ya rufe baki. Mace ce da ta yi rayuwarta a bakin tukunya. Ta san in miyar yakuwa ta yi tsami da yawa, ruwan toka ake ɗiga mata ko ɗan kanwa, nan take tsamin ya mutu. Ta kuma san farin ɓawon da ruwan garin nan ke bari a cikin butar shayi. Wato tun ranar da itacen ya shigo hannunta, kowace safiya, da hannunta na dama, tana kashe masa abin da yake rayuwa da shi. Baƙin ciki ya tokare ta a ƙirji, irin wanda ba ta ji ba ko a zaman makoki, sai da ta dafa teburin burodi.

Ghali ya yi wa tsohon magana ƙasa-ƙasa, ya faɗa masa inda aka tono itacen. Ammi Rabah ya yi wa mamacin addu'a. Sannan ya sa farce ya kankare gefen dunƙulen nan kaɗan. Ciki ɗanye ne.

"Ya Hajja," in ji shi, ya nuna mata. Wannan ba ta buƙaci tafinta ba.

Kafin su fita ta sa Ghali ya tambaye shi yadda furen yake. Ya ce fari ne, ƙanana, masu yawa. Ya murza yatsu yana neman yadda zai kwatanta, ya rasa. Ta ce a bar shi, ita da ido take so.

A ranar ta juye gwangwanin a kan tabarma. Ta tsince taki, ta kankare toka, ta bar baƙar ƙasar da ta manne a saiwa, ta cike sauran da yashin kwazazzabo wanda ta wanke. Busassun rassan ta yanke su. Ammi Rabah ya ce ganyen shayin da aka gama dafawa yana taimakawa, to a garin da ko'ina ka juya wani na fifita gawayin shayi, wannan ba abin nema ba ne. Samari suka riƙa zuwa cin abinci da ƙullin ganyen shayi a aljihu, tana wanke sukarin tana shanyawa tana rufe gindin da shi. Ruwan kuwa ita ta ƙirƙiro dabararta: ta cika bokiti ta bar shi ya kwana, ta jefa ɗan tsamiya, ta ɗanɗana da harshe kamar mai gyaran kunu. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne hana hannunta. Sau da yawa za ta kwashe murhu, ta tsinci kanta tsaye gaban gwangwanin da toka a tafi, sai ta yi tsaki ta juya.

Wajen ƙarshen zafi aka yi ruwa, irin na Tamanrasset wanda ke zuwa ba sallama ya tafi ba sallama. Gwamma ta juye wake a faranti, ta juye miya a kwanon wanki, ta jera tukwanenta duka a fili. Masu jiran abinci suna maƙure a rumfa suna kallon Inna, mai faɗa in an ɗiga mata ruwa a zani, tana tsaye cikin ruwa tana gyara wa tukunya zama. Ta tara abin da ya cika jarka biyu, ta hana kowa taɓawa ko don alwala.

Itacen ya amsa. Daga dunƙulen nan wasu 'yan tsirrai suka ɓullo, kore mai haske, masu laushi. Ranar da ta gan su kowa ya sha ƙarin ludayi ba tare da zagi ba. Sai dai murnar ba ta yi nisa ba. Tsirran suka kai tsawon yatsa suka tsaya. Bakinsu ya riƙa ƙonewa. Ruwan saman ya ƙare. Ta kira Ammi Rabah, ya tsallako da garin fulawa a hannu, ya dubi langa-langar da ke tafasa a sama, ya dubi hayaƙin murhu, ya dubi gwangwanin, ya girgiza kai. Ya ce itacen zai iya jan rai a haka shekara ɗaya ko biyu, amma fure ba a nan ba. Yana son ƙasa ya miƙe ƙafa, yana son iska mai sanyi.

Ghali ne ya kawo shawarar da ba ta so ji ba. Ya ce a ƙarshen lambunsa akwai wani lungu a gindin dutse, inda ruwa ke tsattsafowa, ruwan da ba ya barin fari a buta. Rana ba ta isa wurin sai da safe. Bai yi alkawarin komai ba, ya dai ce in akwai inda itacen zai yarda a ƙasar nan, to can ne.

"Ka kawo mini albasa ko ka zo raba ni da kayana?" in ji Gwamma. "Wa ya ce maka kyauta nake da shi?"

"Ban ce ki ba ni ba. Riƙo na ce."

"Riƙon ma ba na so. Sauke kayanka ka tafi."

Ya sauke ya tafi, bai ƙara tayar da maganar ba. Ita ce maganar ta ƙi bari. Tana tsintar wake tana juya ta, tana wanke-wanke tana juya ta. In itacen yana nan, tana ganinsa da ta buɗe ido, tana iya miƙa hannu ta taɓa shi, amma a gabanta zai ƙare bai nuna mata komai ba. In ya tafi, wataƙila ya rayu, wataƙila ya mutu a inda ba ta gani. Tsoron wannan na biyun shi ya riƙe ta makonni. Sai wata safiya ta ga ɗaya daga cikin tsirran ya bushe har ƙasa.

Da Ghali ya dawo ya tarar da gwangwanin an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, ga ƙullin tsamiya, ga ƙullin ganyen shayi. Ba ta yi masa wani bayani ba. Ta bi shi har bakin motar da ke kai su ƙauye, ta sa aka matsar da buhunan wani don kada su danne shi.

"Ban da toka," ta ce.

"Na ji."

"Ban da taki. Ko na raƙumi."

"Gwamma, ina wurin aka faɗa."

"Ka gaya wa matarka ma. Mu mata hannunmu ba ya jin magana."

Ta tsaya a titi har motar ta sha kwana. Ranar tuwo ya kama, masu ci suka cinye shi a haka.

Sanyi ya sake shigowa. Ghali na zuwa da kayan miya, ita kuwa ba ta taɓa tambayarsa kai tsaye ba. Sai dai ta ce, "Yaya sanyin wajenku?" ko "Ruwan dutsen nan bai ƙafe ba?" Shi kuma ya amsa da cewa sanyi da sauƙi, ruwa na nan, wanda ba a tambaya ba ma yana gaishe ki. Ta ce masa tsufa bai hana shi surutu ba. Wani zuwan ya ce an yi ƙanƙara a dutse, ta kwana biyu ba ta da sukuni, sai da Ammi Rabah ya aiko mata cewa wannan ba ya tsoron ƙanƙara, a cikinta ya girma.

Ranar da abin ya faru rana ce kamar kowace. Sanyi ya fara sakin mutane, layi ya kai bakin titi, Khamisu na ciki da kwanonsa. Ghali ya iso ba a ranar zuwansa ba, ba buhu ba kwando, sai wani jiƙaƙƙen ƙyalle a hannu. Ya ajiye shi a kan kujerarta, ya koma gefe ya zauna. Gwamma ta gani. Ta ci gaba da zuba abinci har sai da ta sallami na ƙarshe. Ta wanke hannu, ta goge, sannan ta warware ƙyallen.

Reshe ne guda, bai fi tsawon tafin hannu ba. Ganyen ma da ƙyar ake gani saboda fure. Farare ne ƙanana, kowanne bai wuce ƙwayar dawa ba, suna rataye baki ƙasa kamar 'yan tuluna da aka kife, sun cunkushe reshen tun daga tsakiya har ƙarshe. Ta ɗaga shi, ƙamshi ya taso mata, ƙamshin zuma sak. Khamisu ya ajiye kwanonsa ya matso, shi ma yau ya fara gani.

Ta riƙe reshen da hannu biyu ta tsallaka titi, Ghali da Khamisu suka bi bayanta. Ammi Rabah na fitar da burodi daga tanda da dogon katako, ya juyo ya gan ta, ya ga abin da ke hannunta, ya ajiye katakon.

"Tambaye shi," ta ce wa Ghali. "Haka yake a can?"

Tsohon ya karɓa ya shinshina, ya mayar mata. Ya yi magana yana ɗaga hannu daga ƙasa zuwa sama.

"Ya ce haka yake. Amma can ba reshe ɗaya ba ne. Ya ce itacen ya fi mutum tsawo, kuma dutsen duka ne, daga gindi har ƙoli, fari fat, har ba a ganin ƙasa. Ya ce yanzu haka da muke magana ƙudan zuma sun cika wurin, ƙamshin kuma har cikin gidaje."

Gwamma ta daɗe tana kallon furen. Wani abu da ya yi fiye da shekara a daskare a ƙirjinta ya saki, ta ji sanyi ya ratsa ta har tafin ƙafa. Hawaye suka zubo, a gaban maza uku, a tsakiyar gidan burodi, ba ta kuwa kai mayafi ta share ba.

"Ashe wuri mai kyau suka kwantar mini da yaro," in ji ta.